Ƙwan Fitilar da Na Sa a Ɗakin Inna

Shekaru huɗu da suka wuce, idan ka shigo Boɗinga kana neman mai gyaran wuta, da wuya a lissafa maka mutum biyu ba a sa da ni ba. Ina da ɗan shagona a bakin hanya, ina da babur, ina da jakar kayan aiki, kuma ina da wani abu da ya fi su duka nauyi, wato ji da kai. Shekara bakwai na yi ina koyon aikin a Sakkwato a hannun wani maigida mai faɗa, na dawo gida ina ganin babu wayar da za ta gagare ni. Idan na gama aiki a gidan mutum ya dawo ya ce abu kaza bai yi daidai ba, kafin ya rufe baki na riga na samo masa mai laifi, ko wutar gari, ko yaransa, ko shi kansa. Matata takan tsokane ni ta ce ko wuta ce ta ja ni ta yar, cewa zan yi ƙasa ce ta matso kusa. Nakan yi dariya, don a lokacin yabo na ɗauke shi. Na rubuto muku wannan ne don in sauke abin da ke raina, kuma ina roƙon a sakaya sunana, ba don kaina ba, don tsohuwar da labarin ya shafa.

Mahaifiyata tana zaune a garin Shagari, a gidan da mahaifinmu ya bari. Inna muke ce mata. Ni ne ɗanta na fari, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Tun ina ɗan yaye aka kai ni wurin kakata a Horo Birni, can na girma. Idan na zo gaishe ta, a bakin ƙofar ɗakinta nake durƙusawa, ta amsa tana duban wani wuri, gaisuwar ba ta wuce kalma biyar ba. Idan tana da magana da ni, ƙanwata take gaya wa, wadda ke aure a unguwarsu, ta ce a gaya wa yayanku kaza. Ƙanwata ta gaya wa matata, matata ta gaya mini. Kada wani ya ɗauka rashin so ne. Wallahi ban taɓa barin gidan nan hannu sake ba. Zan zo hawa babur in tarar an ɗaure mini ƙullin daddawa ko kwanon man shanu a baya, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce bai san wanda ya ɗaura ba. Haka muke son junanmu ni da ita, ta bayan fage, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba.

Sana'ar Inna saƙar faifai ce. Hannunta yana da kyau ƙwarai, har daga Dandin Mahe ake aiko mata idan za a yi wa yarinya jere. Sannu a hankali yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, har ta kai ba ta iya raba jar kaba da baƙa. Muka kai ta asibitin ido a Sakkwato, likita ya ce za a yi wa na dama aiki tukuna, idan ya warke bayan wata uku a dawo a yi wa na hagu, kuma ya ja mana kunne kada mu yi wasa da lokacin, don yanar hagun ta fara nuna. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar da aka cire bandeji ƙanwata ta ce Inna ta daɗe tana duban tafin hannunta tana murmushi. Abu ɗaya ne ya dame ta, haske mai ƙarfi yana kashe mata ido, musamman na hagun da ba a taɓa ba. Ga ɗakinta irin na da ne, ƙaramar taga ɗaya ce can sama, ko da rana tsaka sai an kunna fitila. Nan na ce to, ga inda sana'ata za ta yi rana. Na je Sakkwato na sayo makunni mai murɗawa, irin na fanka, wanda ake rage haske da ƙara shi, mu masu aikin dima muke ce masa. Na zaɓi ranar da ta tafi gidan suna, na shiga na cire tsohon makunnin da ke jikin bango daf da ƙofa, na sa sabon. Ƙwan da ke ɗakin irin na da ne, mai jan haske, mai zare a ciki, kuma ya karɓi dimar nan lafiya lau. Saƙon da ya iso ni bayan kwana biyu shi ne, a gaya wa yayanku Allah ya yi albarka. Na yi kwana uku ina jin daɗin wannan saƙo.

Bayan kamar wata guda sai ƙwan ya mutu. Aka aiko mini, na zo ranar Juma'a da wani farin ƙwai na zamani, irin marasa cin wuta da yanzu suka cika ko'ina. Mai tsadar na zaɓa, don a raina Inna ta wuce a sa mata jan ƙwai irin na shagon mai shayi. Ita tana tsakar gida, na shiga da sauri na ɗaura, na murɗa dima har ƙarshe, ɗaki ya haske fes, na kashe na fito. Duka-duka ban yi minti biyu a ciki ba. A nan kuskurena ya fara, kuma abin haushin shi ne ba jahilci ba ne. Na sani sarai yawancin fararen ƙwayayen nan ba sa jituwa da dima sai wanda aka yi shi don haka, har a jikin kwalin ake rubutawa. Sani na sani, amma hankalina yana kan in yi in fita daga ɗakin kafin ta gama alwala ta tarar da ni a ciki.

Sati biyu bayan haka matata ta ce mini ƙanwata ta ce Inna ta ce haske yana yi mata zuwa da komawa, wani lokaci kamar ɗakin yana ƙifta ido, kuma kanta yana sarawa idan ta zauna saƙa. Ta ƙara da cewa Inna ba ta ce fitila ce ba, ta dai ce a tambaya. Yanzu da nake rubutu na gane irin nauyin da ta sha kafin ta iya furta ko wannan ɗin. Amma a lokacin abin da kunnena ya ji kawai shi ne ana zargin aikina. Na je Shagari, aka yi sa'a akwai wuta. Na tsaya a bakin ƙofa, ban ko cire takalmi ba, na miƙa hannu ciki na murɗa dima har ƙarshe. Haske ya tsaya cak, ko motsi. Na kashe, na sake kunnawa, haka. Na ɗora testa, abin gwada wuta, a kan makunnin don dai a ga na yi wani abu. Ita ma ƙanwata ta ce ta duba sau biyu ba ta ga komai ba. Ashe ita ma da ta shiga sai ta ƙure hasken, don duk mai lafiyar ido idan ya shiga ɗakin nan duhu yake gani, hannunsa na kaiwa bango sai ya murɗa. Babu wanda ya taɓa zama a cikin hasken da Inna take zama. Na juyo na dubi ƙanwata a tsakar gida, na ce da ita da ƙarfi, yadda na san za a ji daga ɗaki:

"Aikina lafiya lau yake. In akwai abin da ke rawa, sai dai idon."

Allah ya sani ban faɗa da mugun nufi ba. Irin maganar da na saba yaɓa wa masu kawo mini ƙorafi ce, ta fito da kanta. Na hau babur na koma Boɗinga, a baya an ɗaure mini kuka da kuɓewa busasshiya, har na manta na yi maganar.

Inna ba ta manta ba. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa da ta shiga ɗaki ta tarar da ita zaune, sai Inna ta ce to, tunda mai aikin ya duba ya faɗa, ai magana ta ƙare. A wurin Inna, ɗanta na fari ba ya kuskure a sana'arsa, kuma ko da ya yi, ba bakinta ne zai faɗa ba. Saboda haka ta ɗauki laifin ta ɗora wa idonta. Ta tuna cewa wancan karon ma haka ciwon ya fara mata, a cikin ɗaki, kafin ya bi ta waje. Ta tuna wata maƙwabciyarta da aka yi wa aiki shekarun baya bai yi ba. Ta haɗa wannan da wancan ta yanke wa kanta hukunci cewa aikin da aka yi mata bai kama ba, makanta ce ke dawowa. Kullum ta zauna saƙa, haske ya fara rawa, kai ya sara, hawaye ya zubo, sai ta ajiye. Kafin damina ta yi nisa ta kira wata jikarta ta ba ta basillarta da duk kabar da ta rina, ta ce ta gaji da sana'ar. Da lokacin komawa asibiti ya yi, ta ce ba inda za ta. An taɓa ɗaya ya lalace, a bar mata ɗayan da ɗan abin da ya rage a cikinsa.

Babu irin lallashin da ba a yi ba. Ƙanwata ta yi kuka, matata ta je ta kwana biyu tana roƙo, na ɗauko kawunmu daga Horo Birni a kan babur, shi da Inna ba ta taɓa musa masa ba, ya yi magana har ya gaji. Ta saurare shi tsaf, ta sa aka dama masa fura, ta ce ta ji, amma a yi haƙuri. Ni kuwa ina gefe ina ta faɗa, ina cewa tsofaffi akwai taurin kai, an kashe wahala an yi mata aiki ta ƙi a ƙarasa. Har likitan ma ban bari ba, na ce wa abokaina ƙila hannunsa ne bai faɗa daidai ba. Kowa na zarga a cikin wannan al'amari ban da mutum ɗaya. Aka yi girbin gero, aka dasa albasa, aka cire ta, wata tara cur Inna tana zaune tana jiran duhu. Ta rame, ta rage fita, ta fara koyon lalube a ɗakinta tun idon yana gani, wai don ta saba kafin ranar ta zo. Da aka gaya mini wannan na kasa cin abinci, amma ko sau ɗaya tunanina bai je kan ƙwan nan ba.

Wata safiya wani dattijo a nan Boɗinga, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya aiko a kira ni. Ɗansa ya sa masa dima a falo, kuma fitilar tana damunsa. Na shiga da saurina, na murɗa har ƙarshe, haske ya tsaya. Na buɗe baki zan fara karatun da na saba, sai ya ɗaga mini hannu kamar yadda ake yi wa ɗan aji uku. Ya tashi da kansa ya saki labule, ya mayar da makunnin ƙasa sosai, ya nuna mini kujera.

"Zamna, ɗana," in ji shi. "Ni ka zama da fitilar ga kullum, kai yanzu kaz zo. Ba ta nuna halinta ga mai sauri."

Na zauna don kunyarsa, ina ta duban agogo. Minti ɗaya, biyu, ba komai. Wajen minti na biyar sai hasken ya fara wani ɗan karkarwa, siriri, wanda in ba ka natsu ba ba za ka lura ba. Can sai ya dushe, ya dawo, ya ƙifta sau biyu, ya sake dushewa. Na yi dariya na ce ai Malam wannan ƙaramin abu ne. Na taka kujera na kwance ƙwan, ina yi masa bayani da alfahari, cewa irin wannan farin ƙwai ba ya shiri da dima, idan an ƙure shi ba ya nuna komai, amma da an rage, ya ɗan ɗauki zafi, sai ya fara rawa, har ya sa wa mutum ciwon kai ya ɗauka idonsa ne. Ina faɗin kalmar nan ta ƙarshe sai na tsaya cak ina duban abin da na kwanto. Ƙwan da ke hannuna irin wanda na sa a ɗakin Inna ne sak, har kamfanin. Malam ya ga na tsaya a kan kujera ban sauko ba, ya tambaye ni ko wuta ce ta ja ni. Na ce masa a'a, na sauko, na roƙe shi ya ba ni zuwa gobe. Ban ma tuna na ɗauki filayata ba, sai washegari ya aiko mini da ita.

Na biya shago na ɗauki jan ƙwai guda ɗaya irin na da, na kama hanyar Shagari. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Rabin zuciyata tana addu'a Allah ya sa ƙwan ne, rabi tana tsoron ya zama shi ne, don in shi ne to ni ne. Na isa bayan azahar, babu wuta. Na aika aka kira ƙanwata, na ce ta nema mini izini wurin Inna, ina so in shiga ɗakinta in zauna. Ƙanwata ta dube ni kamar na ce zan hau rufin masallaci. Ta shiga, aka daɗe, ta fito ta ce an ce bismilla. Na cire takalmi na shiga na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Inna tana bakin gado, ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango, tana jan carbi. Tunda nake ban taɓa zama a ɗakin nan ba. Na ga jeren fayafayanta na da a bango, na ga ƙusar da take rataya kaba babu komai a kanta, na ga wata igiya da ta ɗaura daga ƙafar gado zuwa ƙofa, wadda take bi tana koyon tafiyar makafi. Awa biyu na yi a wurin ina jiran wuta.

Bayan la'asar muka ji yaran unguwa sun yi ihun an kawo wuta. Ƙanwata ta miƙe za ta kai hannu bango, na ce kada ta taɓa. Na ce ta roƙi Inna ta kunna da kanta, ta sa shi daidai inda take sa shi idan tana ita kaɗai. Inna ta taso, ta bi ta gabana ba ta dube ni ba, ta murɗa kaɗan, ɗan haske ya fito kamar na aci-bal-bal, ta koma ta zauna. Muka jira. Ba a yi minti biyar ba ya fara, karkarwar nan, sannan dushewa, sannan ƙiftawa. Na ga Inna ta sunkuyar da kai ta kai gefen mayafi ido, a hankali, yadda ta saba yi ita kaɗai wata tara. Ƙanwata ta yi salati ta ce ita ma tana gani, wallahi tana gani, ɗakin ne ke rawa. Inna ta ce mata ta bar faɗin haka don ta faranta mata rai.

Nan na tashi na yi aikin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na fita na kashe wutar gidan daga wajen mita, na kwance dimar na duba wayoyin bayanta ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta saki, babu wadda ta ƙone. Na duba mazaunin ƙwan, na bi wayar har inda aka haɗa ta a saman bango, duk lafiya. Sannan na cire farin ƙwan na sa jan da na zo da shi, na mayar da wuta, na bar makunnin daidai inda Inna ta sa shi. Muka zauna minti goma, haske ko gezau. Na sake mayar da farin, ya fara rawarsa. Na sake sa jan, ya tsaya. Sau uku na yi haka, ba don ina shakka ba, don ita ta gani da idon da aka ce mata ya lalace. A karo na uku na ga ta sauke mayafin daga fuskarta, ta ɗaga kai tana duban ƙwan, ta daɗe, sannan ta dubi tafin hannunta. Na durƙusa a gabanta, kuma a karo na farko a rayuwata na yi mata doguwar magana ba ta bakin kowa ba.

"Inna, ba idonki ba ne. Idonki lafiya yake. Ƙwan da na sa ne bai dace ba, kuma da aka gaya mini ban tsaya na duba ba. Ni na ce idon ne. Ki yafe mini."

Na ci gaba da durƙuso a gabanta, ni da gemuna da 'ya'ya huɗu. Sai Inna ta juya wajen ƙanwata.

"Ki ce ma yayanku shi tashi, ƙasa da sanyi. Ai ba shi yay yi ƙwan ba, saye yay yi."

Ƙanwata tana kuka tana dariya ta maimaita mini, kamar ba a gabana aka faɗa ba. Kafin in bar gidan Inna ta aika a karɓo mata basillarta daga wurin jikar nan, ta ce aro ta ba ta dama.

Da labarin ya tsaya nan da ban rubuto muku da nauyin zuciya haka ba. A satin muka koma asibiti, ita da kanta ta riga kowa shiryawa. Likita ya duba na dama ya ce garau yake, bai taɓa samun matsala ba. Da ya duba na hagu sai fuskarsa ta canza. Ya ce yanar ta wuce lokacinta, ta sa ruwan idon ya hau ya taɓa jijiya, kuma tabbas ta daɗe tana jin ciwo a wannan gefen. Inna ta ce e, takan ji, ba ta dai faɗa ba. Ya ce za a yi aikin, amma kada mu sa rai da yawa. Sannan ya ajiye abin dubawarsa ya tambaya cikin ɓacin rai, wa ya riƙe tsohuwar nan a gida wata tara bayan ya ja mana kunne. Ina tsaye a bayan kujerarta. Na buɗe baki zan ce ni ne, sai ta riga ni.

"Ni ce, likita. Tsoro na ji. Yaran ba abin da ba su yi ba."

Aka yi aikin. Idon hagu ya dawo da ɗan abin da ya dawo da shi, tana ganin haske da inuwar mutum, amma ba ta gane fuska da shi, kuma likita ya ce iyakarsa ke nan. Da na dama take komai yanzu. Ta koma saƙarta, sai dai faifan da take gamawa a kwana uku yanzu yakan kai mako, kuma idan za ta zura kaba sai ta karkatar da kai gefe guda. Duk ranar da na ga wannan karkatar kan, sai na ji abu ya soke ni. Na samo mata ƙwan da aka yi don dima daga Sakkwato, na zauna a ɗakin awa guda ina gwada shi tun daga ƙasa har sama kafin in yarda da shi. Ita kuwa har gobe labarin da take ba matan unguwa shi ne yayan su wance ne ya gano abin da ya gagari kowa. Rabin farko na labarin ba ta taɓa ba kowa ba.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ba zan ɗora wa al'adarmu laifi ba, don kunyar da ke tsakanina da Inna ba ita ta rufe mini ido ba, ai kunyar ba ta hana ni zama a ɗakin ba ranar da na ga dama. Abin da ya cuce mu shi ne na fi son a ce aikina daidai yake fiye da in san ko daidai ɗin yake. Ga 'yan uwana masu aikin hannu, idan mutum ya ce abin da ka gyara yana damunsa, ka ajiye jaka ka zauna inda yake zama, ka sa abin yadda yake sa shi, ka jira. Shi ne yake rayuwa da aikinka, kai wucewa kake yi. Kuma kada ka kuskura ka gaya wa mutum cewa jikinsa ne ke da matsala alhali kai ba likita ba ne, don wani zai yi maka gardama, amma wanda yake ƙaunarka yarda zai yi.

Ga masu tsofaffi a gida kuma, ku sani iyayenmu ba sa kawo ƙara da ƙarfi, balle a kan abin da ɗansu ya yi musu da hannunsa. Idan tsohuwarka ta aiko a tambaya, to abin ya daɗe yana cin ta. Ni tawa sau ɗaya tak ta tambaya, na amsa mata daga bakin ƙofa da takalmi a ƙafata, kuma amsar nan ta ci mata ido ɗaya.